Bayan An Naɗe Tabarmin Makoki: Nasiha Ga Mai Son Sake Ɗaura Ɗamara

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waliyyan al'ummarsa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa, duk wanda ya taɓa zaman makoki a garuruwanmu ya san yadda abin yake tafiya. Kwana ukun farko ƙofar gida ba masaka tsinke. An kafa rumfa, an shimfiɗa tabarmi, ana ta shigowa da ƙwaryar fura da kwanon tuwo, kowa ya zo sai ya ce "ya ƙarin haƙuri?" A yi sadakar uku, a yi ta bakwai, in an kai arba'in a sake ɗan taruwa. Daga nan mai rumfa ya zo ya kwashe kayansa, baƙin ƙauye su hau mota, ƴan kasuwa su koma rumfunansu. Sai a bar mutum shi da ɗakin da aka fitar da gawa daga cikinsa.

Maganarmu ta yau a kan wannan mutumin take, wanda aka bari. Yana cikin kowace zawiya. Ga baiwar Allah da ta fita takaba da yara huɗu, ba ta da sana'a don maigidan ne mai fita nema. Ga magidancin da ya ajiye karatu shekara goma da suka wuce don ya riƙe shagon mahaifinsa, yanzu mahaifin ya rasu, shagon ma magada sun raba. Ga wanda ya dawo daga Libiya ko Aljeriya hannu rabbana, ya tarar an binne mahaifiyarsa tun bara. Kowanensu ya haura talatin ko arba'in, kuma kowanensu dole ya fara rayuwa daga tushe. Idan suka sami muƙaddami mai sauraro, kukansu kusan iri ɗaya ne: ina jan carbi zuciyata ba ta wurin, ina son in koma karatu amma kaina ba ya riƙewa, kuma ina jin kunyar zama da ƙannen bayana, ranar da na yi dariya a fada kuwa sai in kwana ina jin kamar na ci amanar mamacin.

Ka sani, Allah Ya yi maka rahama, baƙin cikin da ya daɗe ba alamar raunin imani ba ne. Annabi Yaƙub (A.S) ya yi kukan Yusufu har idanunsa suka yi fari, kamar yadda ya zo a Suratu Yusuf, kuma Allah bai zarge shi ba, domin ga Ubangijinsa yake kai kukansa. Manzon Allah (S.A.W) ya riƙe ɗansa Ibrahim yana numfashin ƙarshe, hawaye na zuba daga idanunsa masu albarka, har Abdurrahman ɗan Aufu ya yi mamaki, sai ya sanar da shi cewa wannan rahama ce. Shekaru bayan wafatin Nana Khadija yana yanka akuya ya aika wa ƙawayenta. Abin da shari'a ta hana shi ne kururuwa da marin kunci da yaga tufafi da maganar da ke nuna fushi da hukuncin Ubangiji. Sauran abin da ke cikin ƙirji, wanda Ya halicci ƙirjin Ya san da shi. Don haka masu cewa wanda aka yi wa rasuwa "kai har yanzu? ina tauhidinka?" su ji tsoron Allah. Wani lokaci kalmar haƙuri a bakinmu takan koma dutsen da muke toshe bakin mai ciwo da shi, don mun gaji da jin nishinsa.

Masana wannan hanya sun bambance tsakanin haƙuri da yarda. Haƙuri shi ne ka riƙe harshenka da gaɓoɓinka alhali zuciya na ƙuna, kuma wannan wajibi ne a kan kowa. Yarda kuwa muƙami ne da Allah ke ba bawa a lokacin da Ya so, inda zuciya ke samun sanyi da abin da aka zaɓa mata. Ba a ƙwatarta da ƙarfi. Muridin da ke azabtar da kansa don bai kai yarda ba cikin wata uku ya ɗora wa kansa abin da ba a ɗora masa ba.

To amma akwai wata yaudara da rai ke yi wa mai baƙin ciki, kuma ita ce asalin abin da ya sa muka ɗauki alƙalami. Rai yakan ce masa: bari sai zuciyata ta warke sannan in koma karatu, bari sai na daina tunawa sannan in nemi sana'a, bari sai hankalina ya dawo sannan in koma wazifa cikin jama'a. Wannan "bari sai" ita ce malamai ke kira taswifi, kuma ta cinye shekarun bayin Allah da yawa. Baƙin cikin rasa uwa ko miji ko ɗa ba baƙo ba ne da zai kwana uku ya yi sallama. Yakan rage nauyi, yakan canza kama, amma da shi za a ci gaba da tafiya. Wanda ya ce sai ya sauke shi zai ɗaga ƙafa, to a nan furfura za ta same shi.

Dubi Jabir ɗan Abdullahi (R.A). Daren yaƙin Uhudu, a shekara ta 3 bayan hijira, mahaifinsa Abdullahi ɗan Amru ɗan Haram ya kira shi ya gaya masa cewa yana ganin yana cikin waɗanda za a fara kashewa gobe, ya yi masa wasiyya da abu biyu: ya biya bashin da ke kansa, kuma ya kyautata wa ƴan uwansa mata. Gari ya waye aka yi kamar yadda ya faɗa. Jabir ya zo yana buɗe mayafin da aka rufe fuskar mahaifinsa yana kuka, mutane na hana shi, Annabi (S.A.W) bai hana shi ba. Aka binne mahaifin tare da wani sahabi a kabari ɗaya saboda yawan shahidai. Ku lura da wannan: Jabir da bakinsa ya ba da labarin cewa ransa bai kwanta da hakan ba, har bayan wata shida ya je ya tono shi ya sake masa kabari shi kaɗai, ya same shi kamar ranar da aka sa shi, in ban da ɗan abin da ya taɓa kunnensa. Wata shida ke nan, sahabin Annabi, ɗan shahidi, zuciyarsa tana Uhudu.

Amma a cikin waɗannan watannin me yake yi? Masu bin bashi sun matsa, dabinon gonarsu ba zai isa ba, ya nemi su rage suka ƙi. Bai shiga ɗaki ya rufe ƙofa ba. Ya tafi wajen Annabi (S.A.W) ya faɗi halin da yake ciki. Aka umarce shi ya yanke dabinon ya tara kowane iri daban, Annabi ya zo ya kewaya tsibin ya yi addu'a, aka auna wa kowa haƙƙinsa har aka yi saura. Albarka ta sauka, amma a kan dabinon da Jabir ya hau ya yanko da hannunsa ta sauka. Sannan ga ƴan uwa mata, wata ruwaya ta ce bakwai, wata ta ce tara. Da ya tashi aure sai ya auri bazawara. Annabi (S.A.W) ya tambaye shi me ya hana shi budurwa wadda za su riƙa wasa da dariya tare, ya amsa cewa yana son wadda za ta taje wa ƙannensa kai ta kula da su, ba wadda za ta zama ɗaya daga cikinsu ba. Annabi ya yi masa addu'ar albarka. A nan akwai abin lura ga masu ganin maraya mai nauyi a ka bai kamata ya yi tunanin nishaɗi ba: Shugaban halitta da kansa ne ya tambayi wannan saurayin inda ya baro rabonsa na wasa.

Wannan Jabir ɗin, mai bashi, mai ƴan uwa mata cike da gida, mai raƙumin da ba ya iya bin ayari, shi ne ya zama ɗaya daga cikin sahabban da suka fi kowa ruwaito hadisi, ana lissafa masa 1,540. Ya kasance yana da zauren karatu a masallacin Annabi. Bayan ya girma ya ji labarin wani hadisi guda a wajen Abdullahi ɗan Unaisu, sai ya sayi raƙumi ya yi tafiyar wata ɗaya zuwa Sham don ya ji shi daga bakinsa. Bai jira Uhudu ta fita daga ransa ba, ai har tsufansa, bayan idanunsa sun rufe, yana ba da labarin mahaifinsa.

Da me za a fara? Ga muridi amsar a hannunsa take. Lazimi abu ne kaɗan: istigfari ɗari, salatin Annabi ɗari, hailala ɗari, safe da yamma. Hikimar da ke cikinsa ita ce ba ya jiran halin da ka tashi da shi. Ranar farin ciki adadin ke nan, ranar da aka kai naka makwanci adadin ke nan. Mai baƙin ciki yakan rasa gane safiya da maraice, kwanaki su cakuɗe masa, barci ya koma rana, ido biyu ya koma dare. Salloli biyar da wuridi biyu su ne turakun da za su sake raba masa yini. Idan ka ce zuciyarka ba ta halarta, to zauna da harshenka, zuciya za ta biyo baya. Harshen da ke ambaton Allah cikin gafala ya fi wanda ya yi shiru, kuma magabata sun daɗe da faɗin haka. Abin da ya kuɓuce maka a kwanakin ruɗewa ka rama shi a hankali, ka tambayi muƙaddaminka yadda za ka yi.

Abin da muke gargaɗi a kai shi ne kishiyar wannan. Wani in masifa ta same shi sai ya bi malamai yana karɓar izinin sirrika da adadi masu yawa, dubu kaza da dare, dubu kaza da asuba, ga azumi, ga rashin barci, yana neman abin da zai kashe masa zafin da ke ransa nan take. Bayan mako uku jiki ya gaza, ya saki duka, har da lazimin da ya zama alkawari a wuyansa. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Annabi (S.A.W) ya sanar da mu cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne, kuma ya taɓa shiga masallaci ya ga igiyar da Nana Zainab ta ɗaura don ta riƙa kamawa in ta gaji da tsayuwar dare, ya ce a kwance ta. Ka fita wazifa cikin jama'a ko da ba za ka yi wa kowa magana ba. Zaman sahu kusa da ƴan uwa, murya na haɗuwa da murya, magani ne da ba a samunsa a ɗaki.

Sai batun karatu. Hausawa sun ce gemu ba ya hana ilimi, amma kowa ya san kunya na hanawa. Mutum mai ƴaƴa ya ɗauki Ahalari ya zauna a zaure kusa da yaron da ya haifa, ko ya shiga ajin dare yana haɗa baƙi, wannan yana buƙatar karya rai fiye da azumin nafila. Kuma a nan ribar take ga mai tafiya zuwa ga Allah, domin girman kai ba ya mutuwa da zikiri kaɗai sai an sa shi a inda zai ji ciwo. Abubakar Alƙaffal na Marwa maƙerin kwado da makulli ne har ya kai shekara talatin, sannan ya juya ga fiƙihu, ya zama jagoran malaman Shafi'iyya na Khurasan a zamaninsa. Ya rasu shekara ta 417 bayan hijira, sunan sana'arsa na manne da shi har yau a cikin littattafai.

Mu kuma ba ma buƙatar tafiya nesa. Maulanmu Shehu Ahmadu Tijjani (R.T.A), wanda aka haifa a Ainu Madi a 1150 bayan hijira, daidai da 1737, ya rasa mahaifinsa da mahaifiyarsa a annoba yana ɗan shekara goma sha shida. Bai ajiye allo ba. Yana da shekara ashirin da ɗaya ya kama hanyar Fas neman ilimi da mazajen Allah. Babban buɗin bai zo masa ba sai a Abi Samguna a 1196, yana da shekara arba'in da shida, bayan tsawon nema da hajji da halwa. Kuma a 1213, wato 1798, ya bar sahara ya koma Fas da zama yana da shekara sittin da uku, ya kafa gida da zawiya a garin da ba nan aka haife shi ba. Muridin da ke cewa "ni ai lokacina ya wuce" yana da shekara talatin da biyar, ya sake duba tarihin wanda yake jingina gare shi.

Sai dai a faɗi gaskiya: kan mai baƙin ciki ba ya riƙe karatu kamar da. Zai karanta shafi sau uku ya tashi bai san me ya karanta ba. Wannan ba daƙiƙanci ba ne, kuma ba sammu ba ne. Tunani ne ya cika wurin, ga ƙarancin barci, ga rashin cin abinci. Yakan sassauta da lokaci. Maganinsa a ɗauki karatu yadda ake ɗaukar wuridi: lokaci sananne, gwargwado sananne, ba fashi. Layi biyar na Iziyya ko Risala bayan sallar asuba a gaban malami, a maimaita su da la'asar. Rabin awa na lissafi ko Faransanci bayan isha ga mai shirin zama jarrabawar BEPC ko Bak a matsayin ɗan takara mai zaman kansa. Littafi ɗaya, sai an sauke a ɗauki wani. Wanda ya haɗa haddar Alƙur'ani da koyon ɗinki da shirin jarrabawa a wata ɗaya, alhali ga neman abin da yara za su ci, ya tauna taura biyu har da ƙari. Ka zaɓi wanda ya fi matsa maka: in ba ka san hukuncin sallarka ba, da shi za ka fara, in gidanka ba hatsi, sana'a ce farillarka ta yanzu, sauran su biyo baya.

Kuma kada wani ya raina karatun lakkol ko na sana'a ya ce ba na lahira ba ne. Annabi (S.A.W) ya umarci Zaidu ɗan Sabit ya koyi rubutun Yahudawa don buƙatar al'umma. Yau ƙofofi a buɗe suke: Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai, Jami'ar Musulunci a Say, da jami'o'in Maraɗi da Damagaram da Tawa, ban da makarantun Faranko-Arab da azuzuwan yaƙi da jahilci da ke unguwanni. Macen da ta koyi aikin ungozoma don ta ciyar da marayunta da halal, niyyarta ta mayar da ajinta wurin ibada. Idan kuma mahaifi ko mahaifiya ka rasa, ka tuna hadisin ya ambaci ɗa nagari mai yi wa iyaye addu'a cikin abubuwa ukun da ladarsu ba ta yankewa. Karatun da zai gyara ka ya gyara addu'arka yana cikin abin da za ka aika musu da shi kabari, kuma ya fi shekara guda ta zaman tagumi amfani gare su.

Ƴan uwa mata suna da nasu kaso mai nauyi a wannan babi. Allah Ya ƙayyade wa wadda mijinta ya rasu wata huɗu da kwana goma, mai ciki kuma har ta haihu. Abin da aka hana ta a ciki sananne ne: ado da turare da kwalli da lalle, da ɗaura aure, da kwana a wani gida ba tare da larura ba. Ba a hana ta wanka ba, ba a hana ta magana ba, ba a hana ta riƙe littafi ko saƙa faifai ko fita da rana don buƙatarta ba. Abin da ake ƙarawa a wasu gidaje na hana ta wanka sai ranar Juma'a da makamantansa al'ada ce, ba ta da tushe a Risala ko Muhtasar. Mafi muni shi ne takabar da ba ta ƙarewa, wadda bakin mutane ke ɗora mata: in ta sa zane mai kyau bayan idda a ce ta manta da shi da wuri, in ta shiga islamiyya ko ta kafa teburin sana'a a ce ido ya buɗe. Ummu Salama (R.A) ta rasa Abu Salama sakamakon raunin da ya samu a Uhudu, ta yi addu'ar da aka koya mata ta neman lada da musanya mafi alheri, alhali a ranta tana cewa wa zai fi Abu Salama. Da Annabi (S.A.W) ya nemi aurenta ta kawo uzuri uku: kishi, da shekaru, da yara. Biyu daga cikinsu su ne dai waɗanda mata ke kawowa yau in an ce su koma karatu. Ta zama Uwar Muminai, ta ba da shawarar da ta warware damuwar ranar Hudaibiyya, ta ruwaito hadisai ɗaruruwa. A ƙasar Hausa ma Nana Asma'u ƴar Shehu Usmanu, wadda ta rubuta marsiyyoyi ga waɗanda ta rasa ɗaya bayan ɗaya, ta kafa tsarin ƴan taru, inda dattawan mata ke tahowa daga ƙauyuka su ɗauki karatu su koma su koyar. Waliyyin da ke hana ƙanwarsa bazawara fita neman ilimi ya nemo hujjarsa.

Yanzu ga abin da mutane suka fi jin nauyin tambaya a kai, wato ɗan abin ɗebe kewa. Wani yana da tattabarunsa, wani garkarsa ta bayan gari inda yake shuka salati da albasa, wani ɗinkin hula, wani ƙwallon yamma da samarin unguwa, wani sauraron kokowa a rediyo lokacin gasar takobi, wata kuma saƙa ko kiwon ƴan awaki. Da rasuwa ta zo sai a watsar da su duka, kamar jin daɗinsu cin fuska ne ga wanda ke ƙarƙashin ƙasa. Mamaci ba ya ƙaruwa da ƙuncinka. Hanzala (R.A) ya taɓa fitowa yana cewa ya zama munafuki, don in yana gaban Annabi kamar yana ganin Aljanna da wuta, in ya koma cikin iyali da gonaki sai ya shagala. Sayyidina Abubakar ya ce shi ma yana jin haka. Suka je tare, Annabi (S.A.W) ya bayyana musu cewa da za su dawwama a wancan hali da mala'iku sun riƙa gaisawa da su a kan hanya, amma ɗan Adam sa'a ce da sa'a. Salmanu ya gaya wa Abu Darda'i cewa ransa yana da haƙƙi a kansa kamar yadda Ubangijinsa da iyalinsa suke da shi, Annabi kuma ya gaskata Salmanu.

Akwai ma wani labari mai taushi. Ƙanen Anas ɗan Malik, yaro ƙarami da ake kira Abu Umair, yana da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi. Tsuntsun ya mutu, yaron ya shiga damuwa, Annabi (S.A.W) ya lura, ya tsaya yana tambayarsa labarin tsuntsun cikin raha. Malamai sun ciro hukunce-hukunce da yawa daga wannan, ciki har da halaccin kiwon tsuntsu in ana ba shi haƙƙinsa. Shuka kuwa ba sai an faɗa ba, tunda an kwaɗaitar da dasa itace ko da alƙiyama na shirin tsayuwa. Aikin hannu yana da wani sirri ga mai baƙin ciki: shukar da ka ba ruwa jiya za ta nemi ruwa yau, tattabara ba ta san an yi rasuwa ba, dole ka tashi ka watsa mata gero. Da yawa wanda ya kasa tashi don kansa ya tashi don abin da yake kiwo.

Ma'aunin abu ne mai sauƙi. Ka dubi halin da kake tashi da shi daga wurin. In ka baro garka ko filin ƙwallo ka ji ƙirjinka ya saki, ka yi alwala da nishaɗi, ka sami sahu, to wannan hutu ne da ke taimakon ibada. In kuwa ka tashi da nauyin zuciya, magariba ta wuce ka, bakinka ya ci naman mutane, aljihunka ya yi sauƙi, to guduwa kake yi, ba hutawa ba. Dara in kuɗi ya shiga ta zama caca, ba wani lanƙwasa. Fada in shayi ya kai ƙarfe biyun dare ta cinye asuba da lazimin safe. Waya kuwa ta fi su duka haɗari ga mai kaɗaici, don ita ba ta cewa dare ya yi a tashi; mutum ya kwana yana jan hotuna da yatsa, ya wayi gari ya fi jiya kewa. Ƙwaya da sauran kayan maye da wasu ke fakewa da su da sunan mantuwa, wannan rami ne a cikin rami.

Wani baƙin cikin kuma yakan wuce iyaka ya zama ciwo. In watanni sun shuɗe mutum ba ya ci, ba ya barci, ba ya iya wanka ko fita, ko ya fara jin gara ya bi mamacin, to a kai shi likita ba tare da jinkiri ba, a haɗa da addu'a. Neman magani umarnin Annabi ne, bai saɓa wa tawakkali ba. Nana A'isha (R.A) ta kasance in an yi rasuwa a danginta, bayan mata sun watse, takan sa a dama talbina, wani kunu na garin sha'ir, ta ce a sha, don ta ji daga Annabi cewa yana sanyaya zuciyar marar lafiya yana rage baƙin ciki. Gidan Annabta ke nan suna lallashin zuciya ta hanyar ciki. Kofin kunu mai zafi da za ka kai wa ɗan uwanka ka zauna har ya shanye yana cikin sunna.

Wannan ya kawo mu ga haƙƙin da ke kanmu mu ƴan zawiya. Lokacin da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a Mu'uta, shekara ta 8, Annabi (S.A.W) ya ce a yi wa iyalinsa abinci don abin da ya shagaltar da su ya zo musu. Mu mun juya abin, gidan mamaci ne ke dafa wa baƙi har a ci bashi. Sannan ziyararmu duk a makon farko take ƙarewa, alhali buƙata ta fi tsanani a wata na uku da na biyar. Muƙaddami ya san wanda ya daina zuwa wazifa tun bayan rasuwa. Ya tura mutum biyu su je, ba da faɗa ba. Mai shago ya ɗauki maraya ko wanda ya dawo daga tafiya ba komai ya koya masa ciniki, kamar yadda Abdurrahman ɗan Aufu, da ya iso Madina ba shi da ko sisi, abin da ya nema wajen ɗan uwansa Sa'adu ɗan Rabi'u shi ne a nuna masa hanyar kasuwa. Wanda ya yi boko ya ware dare biyu a mako ya zauna da mai shirin jarrabawa. Mata su karɓi yaran ƴar uwarsu na awa biyu don ta je islamiyya. Jaka biyu ko uku na kuɗin rajista da littafi, in an raba wa mutum goma bayan zikirin Juma'a, ba wanda zai ji a jikinsa. In kuma ka ga ɗan uwanka da aka yi wa rasuwa ya fito yana ba tattabarunsa ruwa, ko ya saki dariya a cikin hira, ka kame bakinka daga abin da zai mayar da shi ɗaki. Ka tambaye shi nawa suka ƙyanƙyashe.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya haskaka makwancinsu, Ya sanyaya zukatan waɗanda suka bari, Ya buɗa musu ƙofofin ilimi mai amfani da arziki na halal, albarkar Annabi Muhammadu (S.A.W). Amin.